Koyar da Awon Girman Fili a Makarantar Firamare

Girman fili, a ilimin lissafi, shi ne yawan wurin da shimfiɗaɗɗen abu ya mamaye, kamar fuskar allo, shafin littafi ko daɓen aji. Da murabba'ai ake ƙirga shi, irin su santimita murabba'i da mita murabba'i. Ya fi awon tsawo wuya ga yara, domin tsawo gefe ɗaya ake bi da rula, shi kuwa fili sai an rufe shi kaf kafin a san girmansa.

Darasin yakan fara ba tare da lamba ba. Ana ba yaro takardu biyu ya ɗora ɗaya bisa ɗaya ya ga wadda ta yi rara. Idan ɗaya doguwa ce siririya, ɗayar gajeriya mai faɗi, ɗorawa ba ta raba gardama, sai an yanka ɗaya an sake jera guntayenta a kan 'yar'uwarta. A nan yaro ke gane cewa sauya siffa ba ya ƙara fili, ba ya rage shi. Wannan fahimta ba ta zuwa da wuri. Jean Piaget (1896–1980), masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya gwada yara da filayen ciyawa biyu na wasa masu girma ɗaya, da saniya ɗaya da 'yan gidaje adadi ɗaya a kan kowanne. Da aka tara gidajen wuri guda a fili ɗaya, aka warwatsa su a ɗayan, ƙananan yara sukan ce ciyawar da ta rage wa saniya ba daidai take ba.

Daga nan sai rufe fili da abubuwa iri ɗaya, kamar kati ko tafin hannu, ana ƙirgawa. Sharaɗi biyu ne: kada a bar giɓi, kada wani ya hau kan wani. Idan amsar yara ta bambanta saboda hannayensu ba girmansu ɗaya ba, su da kansu suke ganin amfanin ma'auni na bai ɗaya.

Ƙa'idar tsawo sau faɗi ya kamata ta zo a ƙarshe, kuma gaggawar kawo ta babban kuskure ne. Yaron da ya jera layi 3 na murabba'ai huɗu-huɗu ya san daga ina 12 ta fito. Wanda aka ba shi hadda kawai yakan rikita fili da kewaye. Fili mai tsawon santimita 4 da faɗin 3, da mai tsawon 6 da faɗin 2, duk girmansu santimita murabba'i 12 ne, amma kewayen na farko 14, na biyu 16. Allon ƙusoshi da ake zagaya wa roba, wanda masanin koyar da lissafi Caleb Gattegno ya yaɗa a shekarun 1950, yana nuna wannan bambanci a sarari.

A manyan azuzuwa ake shiga sauya ma'auni. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma mita murabba'i ɗaya santimita murabba'i 10,000 ce, wato 100 sau 100.