Wa zai karanta wa uwa katin rigakafi?

A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, kuma da jihohi biyu aka soma, Kebbi da Bayelsa. Dalilin zaɓen Kebbi abin damuwa ne: binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaranmu da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, babu jihar da ta kai mu. Sau huɗu ake yin allurar: yaro na wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15. Wata takwas ke nan cur tsakanin ta uku da ta huɗu. Mu ma'aikatan lafiya mukan rubuta ranar dawowa a kati mu miƙa wa uwa, ta naɗe shi a leda ta ɓoye a ƙasan akwati. Ta kula da shi iyakar kulawa, amma abin da ke rubuce a ciki sai ta sami mai karanta mata. Mai gida yana fadama, yaron makwabta da ya iya boko yana makaranta, ranar ta zo ta wuce.

Haka yake da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da muke rabawa gida-gida da damina. Na ranar farko a gabanmu ake ba yaro, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa muke barinsa. Haka ruwan gishiri da sukari na gudawa, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙwayar zinc da za a ci gaba da bayarwa kwana goma ko bayan gudawar ta tsaya. Mafi yawan jinyar yaro a tsakar gida ake yin ta, kuma mace ce ke yi. Shi ya sa karatun ɗiya mace ya zame mini maganar aiki, kamar yadda awon ciki yake.

Iyayena maza, da ku zan fara. Sau da yawa magidanci kan kawo iyalinsa cikin naƙuda, ya ce shi mace kaɗai ya yarda ta duba ta. Buƙata ce mai kyau, ni ma ina tare da ku. To amma daga ina macen za ta fito? Kafin a ɗauki yarinya a kwalejin jinya da ungozoma ta Birnin Kebbi, ko kwalejin lafiya ta Jega, sai ta gama sakandare da sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Idan kowane gida ya cire ɗiyarsa a aji biyar na firamare, wa za ku tarar a ɗakin haihuwa da tsakar dare nan da shekara goma?

Na san ba ƙin ilimi ke sa yawancin iyaye yin haka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, amma kayan makaranta da littattafai da takalmi duk daga aljihu suke fitowa. Sannan ga talla. Tiren da yarinya ke ɗauka shi ne jarin uwarta: da shi ake zubin adashi, da shi ake tara kayan ɗaki. Duk wanda ya ce wa uwa ta sauke tiren nan bai nuna mata abin da zai maye gurbinsa ba, magana kawai ya yi. Abin da na ga yana yiwuwa shi ne a sauya lokaci, yarinya ta je makaranta da safe, sana'ar ta koma ƙofar gida da yamma inda ido ke kanta. Da kaka ma, korar tsuntsu a gonar shinkafa na cinye wa yara makonni. A raba aikin tsakanin 'yan gida, kada ya zama ita ce kullum.

Akwai kuma abin da kunya ke hana a faɗa. Yarinya ta fara al'ada, makaranta ba makewayi na mata, ba ruwa. Kowane wata ta rasa kwana uku ko huɗu, ta faɗi jarrabawa, a ce ba ta da ƙoƙari, gara a yi mata aure. Makewayi mai ƙofa da randar ruwa ba su fi ƙarfin gari ba. Kwamitin kula da makaranta na nan, kuma shirin AGILE na bunƙasa karatun 'yan mata, wanda Kebbi ke cikin jihohin farko da suka shige shi, yana ba da kuɗin gyaran makarantu ta hannun irin wannan kwamiti, yana kuma tallafa wa 'yan mata daga gidaje marasa ƙarfi. Ku je ku tambayi shugaban makaranta ko taku na ciki, ku kuma nemi a sa mata cikin kwamitin.

Tsoro kuwa gaskiya ne. Wanda ya ji labarin sace ɗalibai a makarantar Birnin Yauri a 2021, da ta Maga a 2025, ba wanda zai zarge shi don ya ƙi makarantar kwana. Tsaron makarantu nauyi ne a wuyan hukuma, kuma dole mu ci gaba da nema da babbar murya. Kafin nan, a nemi ta jeka-ka-dawo mafi kusa, 'yan mata su riƙa tafiya a rukuni da rakiyar babba.

Saura ku 'yan'uwana matan aure, masu cewa lokaci ya wuce. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta koyar da malamai mata da ake kira jaji ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu, cikinsu har da tsofaffi masu jikoki. Tsarin 'Yan Taru ke nan, kuma a ƙasarmu aka yi shi. Yau kusan kowace unguwa na da Islamiyyar matan aure. Macen da ta iya haɗa baƙi da wasali na Larabci ta riga ta san yadda karatu ke tafiya, baƙaƙen boko ba za su daɗe suna ba ta wahala ba. A roƙi malama ta ware rabin awa bayan darasi, sau biyu ko uku a mako, da Hausa. A fara da lambobi da sunayen watanni, domin su ne a kati da kwalbar magani da waya, sannan mace ta koyi rubuta sunanta da na 'ya'yanta. Hukumar yaƙi da jahilci ta jiha aikinta ke nan. Mai unguwa ko liman na iya kai mata buƙatar malami da littattafai idan mata sun haɗa kansu.

Ranar awo ko rigakafi mai zuwa, ki zo da katinki ki ce a nuna miki inda aka rubuta ranar dawowa, a karanta miki lambar a hankali har ki gane ta da idonki. Mai gida kuma, in ta nemi izinin zuwa ajin, ka ba ta, ka saya mata littafin rubutu da fensir.