Waiwaye: Yadda tayin sulhun Ingila ya riƙa isa Amurka a makare

Ba da neman 'yancin kai rikicin ya fara ba. Wakilan yankunan da Ingila ke mulka a Amurka da suka hallara a Filadelfiya a 1774, babban kukansu haraji ne: majalisar Landan, inda ba su da wakili ko ɗaya, ba ta da hurumin ɗora musu shi. Yawancinsu har lokacin talakawan Sarki George na Uku suke ɗaukar kansu.

Ko bayan an zubar da jini tsakanin sojan Ingila da Amurkawa a garuruwan Lexington da Concord a Afrilun 1775, John Dickinson, wakilin Pennsylvania, ya shawo kan wakilan suka aika wa sarki takardar neman sulhu a watan Yuli. John Adams, wakilin Massachusetts, ya sa hannu, amma ba da son ransa ba. Wata wasiƙarsa da yake yi wa Dickinson shaguɓe ta faɗa hannun Turawan Ingila, suka buga ta a jarida. Sarki kuwa ko karɓar takardar bai yi ba. Ranar 23 ga Agusta ya ayyana su 'yan tawaye, ya kashe bakin masu son sulhu da hannunsa.

Zaman sulhun da aka yi a tsibirin Staten, kusa da New York, ranar 11 ga Satumban 1776, ya nuna nisan da aka yi. Lord Howe, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya karɓi wakilan Amurka, Adams da Benjamin Franklin da Edward Rutledge, da girmamawa, har da abinci. Sai dai ikon da aka ba shi bai wuce na yin afuwa ba, su kuma wata biyu ke nan da shelar 'yanci. Wanda bai yarda ya yi laifi ba, me zai yi da afuwa? Cikin 'yan sa'o'i aka watse.

Sai da rundunar Ingila ta miƙa wuya a Saratoga a 1777, Faransa ta ƙulla ƙawance da Amurka a Fabrairun 1778, sannan Landan ta turo tawagar sulhu ƙarƙashin Lord Carlisle da alkawarin janye harajin. Da a 1774 aka faɗi haka, mai yiwuwa da magana ta mutu. Yanzu kam ihu ne bayan hari. Majalisar Amurka ta ce ko a amince da 'yancinta, ko a kwashe sojoji, kafin a zauna. Ɗaya daga cikin tawagar, George Johnstone, ya ƙara ɓata lamarin da yunƙurin saye wasu wakilai da cin hanci, asiri ya tonu. Tawagar ta koma hannu rabbana, Ingila kuma ba ta amince da 'yancin ba sai a yarjejeniyar Paris ta 1783.