Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen takomitar AC ga diraif ɗin moto

Wani matashi mai gyaran lantarki a wata masana'antar leda da ke Ikeja ne ya kawo mini waɗannan tambayoyi. Takomitar injinsu ta ƙone, ya je kasuwar Alaba ya tarar da iri biyu: mai bolt 45 da mai bolt 90 a kowane juyi 1,000 cikin minti.

Malam, me takomita take yi ne?

Ɗan ƙaramin janareta ne da ake ɗaurawa a bayan moto. Gwargwadon gudun moto, gwargwadon wutar da take fitarwa. Da wannan wutar diraif, wato na'urar da ke sarrafa gudun moto, yake gane ko gudu ya ragu ko ya ƙaru, ya gyara.

To wacce zan ɗauka?

Ɗan'uwa, kafin ka ciro kuɗi, buɗe littafin diraif ka nemo iyakar wutar da ƙofarsa, inda ake jona takomita, za ta iya ɗauka. Ka ce mini taku bolt 150 ce ta DC, motonku kuma yana juyi 1,500. Mai 45 za ta ba da bolt 67.5, mai 90 kuma bolt 135. Kallo ɗaya, sai ka ce duka sun shiga. A nan mutane da yawa suke ƙona katin lantarkin diraif.

Abin da mitarka take nunawa a wutar AC ba shi ne ƙololuwarta ba. Sai ka ninka da 1.414. Bolt 135 ɗin nan, bayan ya bi ta dayod da kafasita masu mayar da wutar AC zuwa DC, yana kusan 191. Ya zarce 150 nesa ba kusa ba. Mai 45 kuwa tana tsayawa wajen 95, kuma ko moto ya zabura zuwa juyi 1,800 ba za ta wuce 115 ba. Ita za ka saya. Ni dai kullum ina barin wannan sarari, domin moto yakan yi tsalle idan aka sauke masa kaya farat ɗaya.

Me zai hana in nemi mai wuta kaɗan sosai, in huta?

Ita ma da matsalarta. Dayod biyu da wuta ke bi suna cinye kusan bolt 1.4. Idan injin yana tafiya a hankali, abin da ya saura ba ya isa, sai ka ga gudu yana rawa, leda tana fitowa wani wuri kauri wani wuri siriri.

Idan mai 90 kaɗai na samu fa?

Ana rage wutar da rezista biyu, wato 'yan kayan lantarki masu rage ƙarfin wuta, amma a lissafa zafin da za su ɗauka.

Akwai inda ta AC ba ta aiki?

Injin da ke juyawa gaba da baya. Da zarar an mayar da wutarta DC, diraif ba ya sanin ɓangaren da moto ya nufa. Wannan aikin takomitar DC ne ko enkoda, wato na'urar da ke ƙirga juyin moto. Sannan ka ɗaure wayoyinta tamau, don in ɗaya ta cire, diraif zai ɗauka moto ya tsaya, ya sakar masa wuta gaba ɗaya.