Waiwaye: Yadda aka raba 'yan asalin Kanada da 'ya'yansu

A 1883 gwamnatin John A. Macdonald, firayim ministan Kanada na farko, ta shiga kafa makarantun kwana domin 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can, ta damƙa su a hannun coci-coci, galibi na Katolika. Ba a ɓoye manufar ba: a raba yaro da iyayensa tun yana ɗanye, a kankare masa harshe da al'ada. Daga 1920 doka ta ƙara tsananta tilasta tura yara, iyayen da suka ƙi suna iya fuskantar tara ko ɗauri.

Da yaro ya iso sai a aske masa gashi, a karɓe tufafin da ya zo da su, a ba shi lamba. Wa da ƙanwa suna cikin makaranta ɗaya amma an hana su gaisawa. Wanda aka ji yana yaren Cree ko Ojibwe ya sha duka. Tun 1907 likitan gwamnati Peter Bryce ya rubuta cewa tarin fuka yana kashe yaran saboda cunkoso da ƙazanta, aka yi kunnen uwar shegu da rahotonsa. Yara kusan 150,000 ne suka bi ta waɗannan makarantu, dubbai ba su koma gida ba, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe.

Babbar ɓarnar ta bayyana ne bayan yaran sun girma. Wanda ya tashi a ɗakin kwana, ba uwa ba kaka, bai taɓa ganin yadda ake rarrashin yaro ba, a ina zai koyi tarbiyya? Da yawa sun koma garuruwansu ba sa jin yaren iyayensu, ga tabon duka da fyaɗe da ba su iya faɗa wa kowa. Wasu suka faɗa shaye-shaye. Sai hukuma ta dubi gidajen nan ta ce ba su dace da renon yara ba. Daga shekarun 1960 ma'aikatan jin daɗin jama'a suka riƙa kwashe dubban jarirai suna ba iyalan Turawa riƙo, wasu har Amurka. Wannan zalunci ne a kan zalunci.

An nemi gafara daga baya. Firayim Minista Stephen Harper ya yi a 2008, Fafaroma Francis a 2022. Hukumar gaskiya da sulhu da ta binciki makarantun, ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair, ta kira abin kisan kiyashin al'ada a 2015, ta ba da shawarwari 94.

Sai dai ɗauke yaran bai tsaya ba. Ƙidayar 2021 ta nuna 'ya'yan 'yan asali ba su kai kashi 8 cikin 100 na yaran Kanada ba, amma sun haura rabin waɗanda ke hannun masu riƙo. A 2016 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta samu gwamnati da laifin tauye kuɗin kula da yaran da ke yankunan da aka keɓe wa 'yan asali, kuma a 2023 aka amince da diyyar da ta haura dalar Kanada biliyan 23.