Waiwaye: Yadda nauyin jinin mahaya babur ya bar kan dangi ya koma kan takarda

Muhawarar da ta tashi tsakanin Hausawan Jidda da Makka kan fitar ayarin babura ta ƙi kwanciya, duk sanda aka yi sabon rashi sai ta dawo da zafinta. Iyaye suna cewa a hana fitar kwata-kwata. Mahayan suna cewa kwana ne ya ƙare, wanda ajalinsa ya zo ko a kan katifa yake zai tafi. Wasu kuma sun ɗora komai a kan jagoran tafiya: shi ya yi kira a zauren WhatsApp, shi ya zaɓi hanyar Hada ko ta Usfan, shi ke gaba, don haka shi za a tambaya. Bayan an watse daga zaman makoki sai takardar murur, wato 'yan sandan hanya, ta fito da kason laifin kowa, a wayi gari gidaje biyu da suka yi shekaru suna ci a kwano ɗaya sun koma magana ta bakin wakili. A nan ne mutane ke cewa abin ya zo musu bagatatan. Ni kuwa a ganina ya daɗe yana tahowa, kuma akwai wata mararraba da ya bi wadda ba a cika ambatonta ba.

Ɓangaren da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. A 2007 aka fitar da dokar hanya ta Saudiyya da ake aiki da ita yanzu. Kyamarorin Saher, masu kama laifin hanya, suka fara aiki a 2010. A 2016, shekarar da mutum sama da 9,000 suka rasu a titunan Saudiyya, aka tsananta hukunci har tarar wasan ganganci da mota ta kai riyal 20,000 a karon farko. Hawa babur babu hular kwano kuwa tararsa riyal 1,000 zuwa 2,000 ce. Zuwa 2021 adadin mamatan ya sauko zuwa 6,651, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. A 2018 mata suka samu izinin tuƙi, har da na babur, a 2020 kuma tseren Dakar ya koma ƙasar. Duk waɗannan sun taɓa yadda ake tuƙi. Wanda ke biyan jini kuwa, a wani wuri daban aka sauya shi.

A shari'a, wanda ya kashe mutum bisa kuskure abu biyu ke hawa kansa, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta tanada: kaffara, wadda a yau azumin wata biyu ne a jere, da diyya ga iyalan mamaci. Kaffarar tasa ce shi kaɗai. Diyyar kuwa aƙila ke ɗauka, wato danginsa maza ta wajen uba, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa. Sayyidina Umar, da ya ga mutane sun bar ƙabilunsu sun taru a rundunoni, sai ya ɗora ta a kan waɗanda sunansu ke cikin diwani ɗaya, wato rajistar runduna. Malamai suna kawo hukuncin da Sayyidina Aliyu ya yi a Yaman kan mutum huɗu da suka faɗa ramin zaki saboda turereniya, kowa ya riƙo na kusa da shi ya ja: na farko kwatan diyya, na biyu sulusi, na uku rabi, na huɗu cikakkiya, aka kuma tara kuɗin daga ƙabilun da suka yi cincirindo a bakin ramin. Ke nan tun farko fiƙihu ya san mutuwar da taro ke jawowa, ya kuma san raba nauyinta a kan taro.

Hausawan Hijaz da yawa aƙilarsu tana Kano ko Sakkwato, ko Mai Wurno ta Sudan, wasu ma zumuncin ya yanke tun zamanin kakanni da suka zo a ƙafa. Abin da ya tsaya a madadinta shi ne karo-karon unguwa. In ɗan unguwar Sharar Mansur ko Hindawiyya ko Karantina ya buge mutum, dattawa su zagaya a tara, a je a roƙi iyalan mamaci sassauci. Diyyar kuskure a lokacin riyal 100,000 ce. Da nauyi, amma unguwa tana iya ɗagawa.

Ga inda hanyar ta karkata. A ƙarshen 2002 aka wajabta inshora a kan direbobi, amma a jikin lasisi aka rataye ta. Mutum ya biya wa lasisinsa, duk abin hawan da ya tuƙa inshorar na biye da shi. Tsarin bai daɗe ba ɓarakarsa ta bayyana: in wanda ba shi da inshora ya yi haɗari, sai a kira mai ita ya zo ya ce shi ne a kan sitiyari. A farkon 2007 aka cire ta daga lasisi aka mayar da ita kan abin hawan kansa, aka haɗa ta da istimara, wato takardar rajistar abin hawa. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin Najm don duba haɗuran da babu rauni a cikinsu. Wanda aka yi rauni ko rasa rai yana hannun murur. Gyaran yana da ma'ana, ya kuma toshe ƙofar magudi. Ga mai mota guda da sunansa ke kan takardarta, babu abin da ya ragu. Amma tun daga ranar, tambayar farko bayan haɗari ta zama: wannan abin hawa sunan wa ke kansa, inshorarsa tana raye, kuma wanda ke kai yana da lasisin da ya dace da shi?

Duk wanda ya zauna da yaranmu masu dabbab, wato babur, ya san waɗannan tambayoyi uku su ne daidai inda muke da rauni. Babur ya fi mota saurin sauya hannu. Ana sayensa daga aboki da alkawarin za a je a mayar da suna bayan Sallah, Sallah ta wuce ta sake zagayowa ba a je ba. Wani iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ba zai iya sabunta komai ba, sai ya bar babur ɗin da sunan ɗan'uwa ko maƙwabci. Wani yana da lasisin mota, yana zaton ya wadatar, alhali na babur daban ne. A cikin ayari kuwa musayar babur al'ada ce: an tsaya shan shayi a hanyar Ɗa'if, wannan ya ce ba ni naka in ɗanɗana, wancan ya miƙa makulli. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Idan aka yi haɗari kuma mahayin ba shi da lasisin babur, kamfanin inshora zai biya wanda aka cutar, sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa daga wanda ya jawo da wanda sunansa ke kan takarda. Tsere ba ya cikin abin da inshora ke ɗauke wa mutum, kuma layin da ke tsakanin tsere da "mu ga wa zai riga isa kwana" siriri ne ƙwarai. Inshorar dole tana iya biyan har riyal miliyan 10 ga wanda aka cutar, amma shi mahayin da ya yi laifin ba ta biyan raunin jikinsa. Babur da babu inshora kwata-kwata kuwa, diyyar kan mai laifin take komawa.

Abin da ya fi damuna a wannan sauyi shi ne yadda ya shiga zukatanmu. Da aka ji akwai ta'amin, wato inshora, sai unguwa ta saki igiyar da take riƙe da ita. Dattawa suka ɗauka kamfani zai biya, matasa suka ɗauka haka, babu wanda ya zauna ya duba ko takardar da ake dogaro da ita tana nan. Aƙilar dangi tana nesa, karo-karo ya yi sanyi, inshorar kuma ta rataya a kan sharuɗɗan da yawancin masu fita ba su cika ba. A daidai shekarun ne fitar ayari ta bunƙasa, wayar hannu ta sauƙaƙa tara mutum talatin cikin dare ɗaya. Ana fita a matsayin jama'a, ana fuskantar hukunci ɗaya-ɗaya.

Kuma an nuna mana wata ƙofa a lokacin. A 2005, a zamanta na Dubai, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda hedikwatarta ke nan Jidda, ta duba batun aƙila a wannan zamani. Ta ce inda babu dangin da za su ɗauka, inshorar taimakekeniya tana iya tsayawa a madadinsu, haka ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya idan tsarinsu ya tanadi hakan, haka asusun da ma'aikata ke kafawa don taimakon juna. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin riga mai tambari da kuɗin istiraha, wato wurin shaƙatawa da ake haya, ba za ta rasa hanyar tabbatar da cewa kowane ɗanta yana da inshora mai rai ba, ko ta nemi shawarar yadda za ta yi asusu bisa ƙa'ida.

Shekara huɗu bayan sauyin inshora, a 2011, aka sake ƙiyasta kuɗin raƙuma 100 da diyya ke tsaye a kansu, bayan kusan shekara 30 ba a taɓa ba. Ta kuskure ta tashi daga riyal 100,000 zuwa 300,000. Hakkin iyalan mamaci ne, kuma ya dace da farashin zamani. Sai dai ga gidan da inshora ta zame masa, abin da unguwa ke iya tarawa a da ya ninka uku, haɗarin ayari kuma ba kasafai yake tsayawa a kan mutum ɗaya ba.

Dalilin yana cikin yadda ayari ke tafiya. Babur mai gudun kilomita 120 a awa yana cin kusan mita 33 a daƙiƙa guda. Masu koyar da tafiyar ayari suna cewa a jera a karkace, ɗaya dama ɗaya hagu, a bar daƙiƙa biyu tsakaninka da wanda ke gabanka kai tsaye, a koma layi ɗaya a kwana da gangara, a raba babban ayari ƙanana-ƙanana, a sa gogagge a gaba da wani a ƙarshe. In ba a yi haka ba, na gaba ya ƙara wuta kaɗan, na baya sai ya ninka kafin ya cim masa, kuma galibi sabon shiga ake bari a baya, mai jin kunyar a ce an tsere masa. Na gaba ya taɓa birki, na uku ya kauce, na biyar ya hau na huɗu. Mai bincike zai zo ya raba laifi kashi 25, 50, 75 ko 100 tsakanin waɗanda baburansu suka haɗu. Wanda ya saita gudun tun farko sau da yawa yana can gaba, babu ko ƙwarzane a jikin babur ɗinsa.

Shi ya sa kama jagora ba shi da sauƙi kamar yadda masu fushi ke so. Ita dai wannan majalisa ta fiƙihu, a zamanta na Brunei a 1993, ta ce bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, ta kuma tabbatar da ƙa'idar cewa in wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi suka haɗu, nauyi na kan na farko, sai in mai sanadin ne ya ƙetare iyaka shi kuwa mai aikatawar bai ƙetare ba. Dokar hanya ma mutum ɗaya take kallo: wanda ya jawo mutuwa ta hanyar ganganci ko sakaci yana fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 4 ba, ko tarar da ba ta wuce riyal 200,000 ba, ko duka biyun, banda hakkin iyalai. Wanda haɗarin ya shafa kuma ya bar wurin, laifi ne na daban a kansa, abin da tsoron takardu ke tura wasu yaranmu su yi a lokacin da abokinsu ke kwance yana buƙatar a kira 997, lambar motar asibiti.

Daga Oktoban 2023 aka fara gano abin hawan da ba shi da inshora ta na'ura, ba sai an tsayar da mutum ba. A Disamban shekarar kuma dokar mu'amaloli ta fara aiki, wadda ta tattara hukuncin biyan ɓarna a rubuce. Ta ce duk kuskuren da ya cutar da wani, mai shi zai biya. Idan masu alhakin sun fi ɗaya, nauyin yana kansu a haɗe, kotu ta yanke kason kowa, in rabewar ta gagara a raba daidai. Jagoran da ya tare mahaɗa da babur ɗinsa, ko ya ba mara lasisi makulli, wannan nassin na iya isa gare shi in kotu ta ga kuskurensa na cikin sanadin. Wasu ƙungiyoyi suna ba sabon shiga takarda ya sa hannu cewa duk abin da ya same shi babu ruwan kowa. Dokar ta ce ba a yarjejeniyar yafe alhakin da ya taso daga aikin cutarwa.