Ƙarar inji da matsalar obadaraif a tsohuwar akori-kura: tambayoyi da amsoshi

Motata tana ƙara, shi kenan inji ya buga?

A'a, kar ka yarda a sauke maka inji tun ba a saurare shi da kyau ba. Ƙara kala-kala ce. Akwai wata siririya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, wadda ke fitowa in ka taka totur a hawa ko ka yi lodi, kana ɗaga ƙafa ta ɗauke. Wannan fetur ne ke kamawa ba a kan lokacinsa ba a cikin silinda. Yawanci mai ne mara kyau, ko taimin, wato saitin lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya yi gaba da yawa, ko baƙin dattin hayaƙi ya taru a kan fistin, ko kuma injin na zafi. Gyaranta ba tsada, amma in aka ƙyale ta wata da watanni tana iya huda fistin.

To wacce ce mai haɗarin?

Ita ce mai nauyi daga ƙasan inji, ƙwam ƙwam, tana bin gudun injin, kuma ta fi tashi in baƙin mai ya yi zafi ya tsinke. In ka ga fitilar mai tana ƙiftawa a sulo tare da ita, to metal, wato siririn ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya cinye, kashe motar nan take don Allah, domin tafiyar da za ka ƙara ita ce za ta ci karanshaf ɗin, babban ƙarfen da fistin ke juyawa, aikin sauya metal ya koma na sabon inji. Bakanike mai hankali zai riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, wadda aka cire ƙarar ta ragu, nan ciwon yake. Ya kuma tsiyaye man ya duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli.

Amma fa a mota mai otomatik, farantin da ke haɗa inji da giya in ya tsage ƙararsa sak ta metal, a duba shi. Haka Hilux mai injin 22R, robar da ke riƙe sarƙar taimin tana karyewa sai ka ji karaf-karaf da safe daga gaban inji.

Mene ne obadaraif ɗin ma?

Giyar ƙarshe ce, ta huɗu a tsofaffin otomatik irin A340 ta Toyota, inda inji ke juyi kusan 0.7 kawai a duk juyi ɗaya na furofela, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Inji ya huta, mai ya ragu.

Me ya sa tawa ta ƙi shiga?

Fara da maɓallin jikin sandar giya, in O/D OFF na kunne ai kai ka hana ta. In ƙiftawa take yi, kwamfutar ce ke faɗa maka ta ga matsala, galibi sensar gudu ko solonoid, ɗan bawul mai aiki da lantarki da ke buɗe wa man giya hanya. Sai man giya, a auna shi inji na aiki kuma da zafinsa, ya kamata ya zama ja, in ya yi baƙi yana warin ƙuna to kulocin ciki ya fara tafiya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne cire tamostat, abin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗau zafi, da ake yi a garejojinmu wai saboda zafin gari. Waɗannan motoci ba sa sakin obadaraif sai ruwan inji ya ɗau zafi, to ka cire tamostat, ga sanyin hunturu da asuba, mota ta maƙale a ta uku, sai a ce giya ta mutu a sa mutum sayen wata alhali ɗan ƙaramin abu ne ya ɓata.

Akwai alaƙa tsakanin ƙarar inji da obadaraif?

Sosai ma. Obadaraif na rage juyin inji, in ga buhuna a baya ga hawa, injin na wahala, nan ne siririyar ƙarar ke fitowa, giya kuma ta yi ta shiga tana fita har man giyar ya yi zafi. Gwada kashe obadaraif a daidai wurin, in ƙarar ta ɗauke to ba metal ba ne, a koma kan taimin da mai. Da lodi mai nauyi ma bar shi a kashe har ka sauke.