Kafin ka tura wannan hoton, tuna wa zai buɗe shi

Ran nan bayan la'asar na tsaya wajen mai shayin da ke bakin ɗakin shan maganinmu, a nan ƙasar Ƙaura Namoda, sai na tarar da samari uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Wani ne ya turo hoto a zauren WhatsApp na unguwa: gawarwaki kwance cikin gona, an rubuta a ƙasa wai jiya aka yi. Na farko ya leƙa, ya yi salati, ya ture kofinsa, bai sake kurɓa ba. Na biyu kuwa jijiyar wuyansa ta tashi, ya miƙe yana rantsuwa cewa duk wanda ya gani a kasuwa daga wancan ɓangaren sai ya ji a jikinsa. Na uku ya karɓi wayar, ya ja hoton da yatsu biyu ya ƙara masa girma, yana 'yar dariya, wai ai wannan ba komai ba ne, yana da wanda ya fi shi.

Aikina rigakafi ne da awon jini da ɗaurin rauni. Amma abin da na gani wajen mai shayi kullum yana biyo ni har teburina. Magidanci ya zo da ciwon kai, na ɗaura masa abin awo na ga jini ya hau, na ce, "Baba, ya kwana?" Ya ce, "Likita, kwana ya ƙi zuwa." In ka bi diddigi, sai ka iske abin da yake yi na ƙarshe kafin ya kwanta shi ne kallon bidiyon harin da aka kai wani ƙauye.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ana ce masa amigdala. Shi ne mai gadin jiki. Da ido ya ga jini ko makami ko fuskar da ta murtuke, shi yake fara buga kuge tun kafin tunani ya kintsa. Sai sinadarin adirenalin ya kwarara, zuciya ta hau dukan uku-uku, jini ya hau, hannu ya yi gumi. Mai gadin nan ba ya tsayawa tambaya ko abin a gabanka yake ko a fuskar waya. Bayan harin bam na gasar gudu a birnin Boston na Amurka a 2013, masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun gano cewa waɗanda suka riƙa kwashe awa shida ko fiye a rana suna bin labarin da hotunansa sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda abin ya faru a gabansu. Mu da tun kafin sace 'yan matan makarantar Jangebe a 2021 muke karyawa da irin waɗannan hotuna, sai mu auna kanmu.

To amma mai gadin kowa da irin kunnensa. Wani sai an buga ƙofa da ƙarfi yake farkawa, wani motsin kaza ma ya ishe shi.

Masu zafin rai su ne na biyun. A 1992 wasu masana halayyar ɗan Adam, Arnold Buss da Mark Perry, sun fitar da ma'aunin wannan hali, suka kasa shi huɗu: saurin kai hannu, kaifin baki, saurin fushi, da riƙon mutane da mugun nufi. Na ƙarshen nan shi ya fi shafar maganarmu, don shi ne ba a gani. Wani masanin kuma, Kenneth Dodge, ya nuna tun 1980 cewa yaro mai yawan faɗa, in wani ya ɓata masa abu ba a san ko da gangan ne ko kuskure ba, nan take zai yanke cewa da gangan ne, ya rama. Mu a nan muna ce masa mugun zato. Irin wannan mutum ko hoton fuskar da ba ta fushi ba ta dariya ka nuna masa, ya fi kowa saurin cewa harararsa ake yi. Yanzu ka ɗora masa hoton gawa, da rubutu a ƙasa mai nuna wata ƙabila da yatsa. Abin da ya sa wani kuka, shi neman wanda zai huce a kansa zai sa shi. Kuma ba kasafai yake samun mai laifin ba. Wanda ya fi kusa shi ke sha: matarsa da ta makara da tuwo, ƙaninsa, ko bawan Allah mai tallar nono da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ganin makami ma kaɗai yana ƙara wa wuta mai. A 1967 Leonard Berkowitz ya gwada ɗalibai a Jami'ar Wisconsin: an fara ɓata musu rai, sannan aka ba su damar hukunta wanda ya ɓata musu. Waɗanda aka ajiye bindiga a teburin da ke gabansu sun fi tsananta hukunci. Duk sanda na ga yaro yana kallon 'yan bindiga a TikTok suna jujjuya makamai da damin kuɗi, wannan gwajin nake tunawa.

Mai dariyar nan kuwa, shi ne mutane ke yi wa kallon jarumi, kuma ni ya fi tayar min da hankali. Ba na ce duk mai dariya mugu ne ba, wani tsoro ne yake rufewa da ita. Amma ido yana sabawa. Mu ma ma'aikatan lafiya mun sani: ranar da na fara wanke raunin harsashi ban ci abinci ba, yau kuwa ina gamawa nake neman fura. Bambancin shi ne mu mun saba ne don mu iya taimako. Wanda ya saba don nishaɗi, tausayi ne yake dusashewa, kuma tausayi shi ne birkin da ke riƙe hannun mutum. Mai zafin rai yakan huce ya yi nadama. Wanda ciwon wani ya daina taɓa shi, da me zai yi nadamar?

Ga kuma ƙarya. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, kuma 'yan sandan jihar sun ce sun taimaka wajen rura ramuwar gayya. Da BBC ta bincika, sai ga shi wani bidiyo daga ciki ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Barazabil ne, tun 2012.

Ba ina yabon rufe layukan waya da aka yi mana a Satumbar 2021 ba, mun sha wuya, ciniki ya tsaya, ba ka jin ɗan'uwanka. Sai dai a waɗancan makonnin na ji fiye da mutum ɗaya ya ce ya samu barcin da ya daɗe bai yi ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. In ana so a gargaɗi mutane kada su bi wata hanya, a rubuta da kalmomi, gargaɗi ba ya buƙatar gawa. Wanda ke kwance a hoton nan yana da uwa, wataƙila tana cikin zauren. A shiga saitin WhatsApp a kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye, musamman wayar da yara ke ɗauka. Wanda ya san kansa da zafin zuciya, in ya riga ya gani, kada ya hau babur, kada ya shiga gida a lokacin. Addini ya riga mu faɗa: in kana tsaye ka zauna, ka yi alwala. In kuwa abin ya kai makonni, barci ya ƙaurace, ana firgita, ko hannu ya fara sauka a kan iyali, a zo asibiti. Daga wajenmu ana iya tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Jihar Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Shi saurayin da ya miƙe, na ce masa, "Ƙanena, ba ni wayar." Na tambaye shi wane ƙauye ne, ya ce bai sani ba. Wa ya ɗauka? Shiru. Na nuna masa bayan gawarwakin: dawa ce kore shar, ta fi mutum tsawo. Mu kuwa muna tsakiyar watan Maris, ko ciyawar akuya babu a daji. Ya daɗe yana kallon dawar nan, sannan ya janyo benci ya zauna, ya ce wa mai shayi ya ƙaro masa ruwan zafi.